Bedin da Ya Karkato Kan Ɗakina

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari ba ta isa shiga lakwal ba, wato makaranta, ƙanenta kuma yana goye, akwai wani bedi, itacen da wasu ke ce ma dogon yaro, a tsakar gidanmu nan Madarunfa da ya hana ni sakewa. Babba ne ƙwarai, mutum biyu ba su rungume shi. Baban maigidana ya dasa shi tun ba a haife ni ba, kuma duk hidimar gidan ƙarƙashinshi ake yin ta. Nan ake daka, nan ake wanki, nan Inna, uwar mijina, ke shimfiɗa tabarmarta bayan azahar. Ɗakina yana gindinshi ta gabas, babban reshenshi ya miƙe bisa rufin ɗakin, na kwano da muke ce ma tol, daidai saitin inda yara ke kwanciya.

Ni dama mai tsoro ce, ban taɓa ɓoyewa ba. In yaro ya yi tari sau biyu, na fara neman mayafi in tafi likita. Saboda haka ranar da na ce ma maigidana itacen nan yana karkatowa kan ɗaki, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Bara kin ce rijiya za ta rufta. Ga ta nan muna sha."

Amma wannan karon ina da abin da na gani. Igiyar shanyata daga jikin bedin take zuwa wata ƙusa a bangon ɗakina. Farkon damina na ɗaure ta tamau. Bayan sati biyu sai na ga zannuwa suna jan ƙasa. Na ƙara ɗaure ta, ta sake yin sako-sako. Igiyar ba sabuwa ba ce balle a ce miƙewa take, ƙusa kuma ba ta motsa ba. To mi ya matso, in ba itacen ba? Na zagaya bayanshi ta yamma, na tarar ƙasa ta ɗan tsage ta yi tudu, kamar ana ɗaga ta daga ƙasa. Ga kuma hanyar gara ta hau jikinshi har inda idona ke iya kaiwa.

Na gaya ma Inna. Ta dube ni, ta dubi itacen, ta ce, "Ɗiyar nan, bedin ga ya girmi mijinki. Iskar da ya gani ke ba ki gan ta ba. Ki sayi igiyar kirki."

Haka na ci gaba da zama. In hadari ya taso sai in kwashe yara mu koma ɗakin Inna, in ce zafi ake yi a nawa. Ta san ƙarya nike, ba ta dai tona ni.

Abin da ya canza magana, wata la'asar ce iska ta taso gaban ruwa. Wani reshe mai kaurin cinyar mutum ya ɓalle ya faɗo bisa turmi, ya tsaga shi biyu. Ɗiyata ba ta daɗe da tashi daga wurin ba, wasan girki take da gwangwanayenta. Da muka duba reshen, cikinshi ba itace ba ne, jar ƙasa ce ta gara cike fal. Inna ta daɗe tsaye tana kallon gwangwanayen. Da maigidana ya dawo daga Ɗan Issa, inda yake lodin kaya, ita da kanta ta ce mashi, "Ka nemo mai sara."

Wanda ya fara zuwa wani mai injin yankan itace ne bisa babur. Daga bakin zaure ya tsaya ya hango itacen, ya ce jikka huɗu, wato sefa dubu huɗu, itacen kuma nashi. Maigidana ya tambaye shi yadda zai yi. Ya ce ai ba wani aiki ba ne, zai yanke gindi, maza su ja da igiya ya faɗi can wajen garka, kafin a sha shayi an gama. Aka ce wace igiya? Ya ce, "Ba ku da ta rijiya?" Ina bayan ƙyaure ina ji. Na raɗa ma Inna ta tambaye shi, in ya faɗi kan ɗaki fa? Ya ce, "Sai abin da Allah ya yi, Hajiya."

Gaskiya ya faɗa, komi sai abin da Allah ya yi. Amma hankalina bai kwanta ba. Na ce ma maigidana in kuɗi ne, a sai da akuyata a ƙara, a nemo wani. Ya ce ni dai ban son zaman lafiya, amma ya nemo.

Na biyun wani dattijo ne daga wajen Gabi, siriri, mai furfura a gemu, ya zo da ƙanenshi wanda shi ma ya manyanta. Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya zagaya itacen ya fi sau uku. Yana bugun jikinshi da bayan gatari, yana kara kunne. Ta yamma sautin a cike yake. Ta gabas kuwa kamar ana bugun tulu. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama, ya dubi rufin ɗakina, ya dubi katangar maƙwabta, ya dubi wayar kuran, wato lantarki, da ta ratsa ta gefen zaure. Sannan ya ce, "Wa ya fara lura yana tahowa?"

Inna ta nuna ni da haɓa. "Ga ta nan, sarkin tsoro."

Ya ce, "Ɗiyata, mi kika gani?"

Na ba shi labarin igiyar shanya, kaina a ƙasa, ina jiran a yi dariya. Bai yi ba. Ya je ya taɓa igiyar, ya dubi ƙullin da na yi ta ƙarawa, ya koma ya tsuguna wurin tsagar ƙasan. Ya ce, "Gaskiyarta. Saiwar baya ta fara saki. Damina ɗaya ta rage mashi, in ma ya kai."

Sai ya faɗi kuɗinshi, jikka goma sha takwas. Maigidana ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Baba, itace guda ne fa, ba daji na ce ka share mani ba. Jiya wani ya ce huɗu."

Dattijon ya ce, "To ka kira shi mana. Ni da a gona yake, kyauta zan kada maka shi, in kwashe itacen in yi godiya. Ba itacen nike ma kuɗi ba. Ɗakin ga nike ma kuɗi, da katangar maƙwabcinka, da wayar can. Wannan ba a kada shi gaba ɗaya. Hawa zan yi, in sauko da shi reshe-reshe da igiya, kamar ana sauke kaya daga mota. Yini guda ne, mutum uku: ni a sama, biyu a ƙasa. Igiyoyina kuma ba su tsufa a hannuna, da na ga sun fara gashi nike canza su." Ya ƙara da cewa sai an samo takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji, shi bai ɗora gatari bisa ɗanyen itace ba tare da ita ba.

Aka yi ta ja. Can maigidana ya ce, to mutum na ukun nan, mi zai hana shi ya zama? Ƙarfi dai yana da shi, buhu yake ɗauka kullum. A cire kuɗin mutum guda. Dattijon ya dubi hannuwan maigidana. Ya ce, "Ƙarfi ba shi ne matsala ba. Kana jin magana?" Inna ta ce, "Wani lokaci." Aka yi dariya, aka tsaya a goma sha biyar. Akuyata ta tafi kasuwa, takarda ta fito bayan kwana shida.

Ranar aikin sun zo da sassafe da amalanken jaki cike da igiyoyi masu kauri, da gatura biyu, da zarto, da wani ƙarfe mai juyawa irin na bakin rijiya. Kafin kowa ya taɓa komi, dattijon ya sa aka kwashe duk abin da ke tsakar gida, har murhu. Ya ɗauki sanda ya ja layi a ƙasa tun daga zaure har bakin ɗakin Inna. Matan maƙwabta sun riga sun taru da igiyoyin ɗaurin itace, don kun san yadda muke, in ana sara kowa so take ta riga wata ga reshe. Ya ce masu, "Iyayena, itace duk za ku samu. Amma wadda ta tsallake layin ga kafin in ce, na sauko na tafi gida."

Sannan ya juyo wurina. "Ɗiyata, ke ma kina da aiki. Ni ina sama, idona na kan abin da nike yanka. Su biyun nan idonsu na kan reshe. Ba mai kallon ƙasa. Ki ba kakarshi yaron, ki tsaya nan bayan layi. Duk abin da kika gani bai yi maki ba, ki ce dakata. Ko ba komi ba ne, ki faɗa. Ban fushi."

Ban taɓa jin an ce ma tsorona aiki ba sai ranar.

Ya fara da ɗaure itacen kanshi ta baya, da igiya mafi kauri, zuwa wata aduwa da ke can yamma cikin gida, don kada ya ƙara matsowa yana sama. Sannan ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau ta ɓangaren da ke da ƙwari. Kowane reshe sai ya ɗaure shi tukuna, igiyar ta bi ta cikin ƙarfen nan da ya rataya can sama, ta sauko wurin ƙanenshi, shi kuma ya naɗa ta sau biyu a gindin aduwar. Aduwar ce ke ɗaukar nauyi, shi sassautawa kawai yake kaɗan-kaɗan. Na lura bai fara yanka ta sama. Sai ya ɗan shiga ta ƙasan reshen, sannan ya dawo ta sama, reshen ya rabu tsaf bai yage ba.

Maigidana an ba shi igiya ta biyu, siririya, wadda ake jan reshe da ita a kauce ma rufi yana saukowa. Dattijon ya nuna mashi tun a ƙasa, ya maimaita mashi daga sama: a tafin hannu ake riƙe ta, ba a naɗa ta a hannu, ba a taka ta, in ta fi ƙarfinka ka sake ta.

Ni kuwa na ɗauki aikina da zafi. Ba a yi rabin awa ba na ce, "Baba, dakata." Kowa ya tsaya cak. Kaza ce ta tsallake layi da 'ya'yanta. Matan maƙwabta suka kwashe da dariya, wata ta ce a ba ni kakin soja. Dattijon daga sama ya ce, "A kore ta. Kazar ma rai gare ta." Bayan nan na sake tsai da su don na ji igiya tana ƙara, ashe haka take yi in ta ɗauki nauyi. Maigidana ya harare ni ya ce, "Ke, a haka sai mu kai sallar layya." Na ji kunya. Na ce ma kaina na yi shiru ke nan.

Wajen azahar aka zo ga babban reshen, wanda ke bisa ɗakina. Dattijon ya rage mashi ƙananan rassa, ya ɗaure shi wuri biyu, ya ce kowa ya shirya. Maigidana ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a hannu. Sai na ga ya juya hannunshi na dama sau ɗaya, sau biyu, igiyar ta naɗe bayan hannun da yatsu. Na tabbata bai ma san ya yi ba. Haka yake yi in yana jan guga a garka, haka yake riƙe igiyar shanu in ana huɗa. Tun yana yaro hannunshi ya saba. Duk namijin da ke wurin haka zai yi.

Zarto ya fara shiga. Ni kuma na tsaya ina shakka. Sau biyu an yi mani dariya. Wannan karon kuma ba kaza ba ce, mijina ne, gaban uwarshi, gaban baƙi, gaban matan unguwa. Mace ta gyara ma mijinta riƙon igiya cikin mutane? Na dubi Inna, hankalinta na kan yaron da ke cinyarta. Na dubi ƙanen dattijon, idonshi na sama. Ba wanda ya gani sai ni.

Na ce, "Baba, dakata." Muryata ta fito ƙarama, amma zarton ya tsaya.

Wata daga bayana ta ce, "Yanzu kuma zakara ne?"

Dattijon ya leƙo. "Mi kika gani, ɗiyata?"

Na ce, "Hannu."

"Hannun wa?"

Inna ta ɗago ta duba, ta ce, "Hannun wa kuwa za ta tsaya kallo in ba na mijinta ba? Kai, warware abin nan."

Maigidana ya dubi hannunshi kamar na wani ne. Ya warware, fuskarshi a ɗaure, bai dube ni ba. Dattijon bai yi mashi faɗa ba. Ya ce kawai, "Buɗe tafin in gani. Yawwa. Haka." Ya koma ga zartonshi.

Da reshen ya rabu, bai sauko yadda sauran suka yi ba. Ashe cikinshi cike yake da jiƙaƙƙiyar ƙasar gara, nauyinshi ya wuce yadda aka zata, kuma duk a gefe guda. Babbar igiya ta riƙe shi, aduwa ta girgiza har ganye ya zubo. Amma sai ya juya ya yi lilo wajen ɗaki da ƙarfi. Siririyar igiyar ta fizge daga hannun maigidana, na ji ƙararta kamar bulala, ta tashi sama ta faɗa bayan katanga. Shi kuma ya yi taga-taga ya zauna a ƙasa. Kan reshen ya daki kusurwar rufina, tol guda ya lotse. Sannan ƙanen dattijon ya sassauta a hankali har ya kwanta a tsakar gida.

Maigidana ya buɗe hannuwanshi, igiyar ta goge mashi fatar tafi, ja-wur, amma yatsu biyar-biyar suna nan. Ya dubi rufin ya ce, "Da na riƙe da kyau da bai taɓa tol ɗin ba."

Dattijon ya sauko, ya kama hannun ya duba. Ya ce, "Da ka riƙe da kyau, da kai da reshen kun tafi tare. Tol ana sai da shi a Maraɗi. Yatsa ban san rumfar da ake sai da shi ba." Ya kuma ce shi ma da laifinshi, ya kamata ya raba reshen biyu tun da ya ji sautinshi, don haka gyaran tol ɗin a kanshi yake. Kafin ya tafi kuwa sai da ya hau ya buge shi ya miƙe, ya toshe inda ya huje.

Sauran aikin ya tafi lafiya. Da ya rage gungumen kaɗai, ya sare mashi baki ta wajen filin da yake so ya faɗi, ya koma ta baya ya yanka sama da bakin kaɗan, ya bar wani ɗan tsakani bai yanke ba, ya ce shi ke riƙe da itace ya bi hanya kamar ƙyaure. Ya share inda zai ja da baya, ya buga ƙarfe a tsagar, gungumen ya tafi a hankali ya kwanta daidai inda ya nuna da ƙafa tun da safe. Cikinshi rami ne, ɗiyata ta iya shiga ta zauna. Sannan ya ce ma mata bismillah, aka yi rububin itace har da faɗa.

Maigidana ya yi yini biyu bai yi mani doguwar magana ba. Ba hannun ke cin shi ba, abokanshi ne da suka samu abin tsokana, suna ce mashi an ce yanzu sai da izini yake riƙe igiya. Ni na yi ta shafa mashi man kaɗanya a tafin. Rana ta uku yana cin tuwo da cokali, don hannun bai lanƙwasuwa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Wai daga can kika hango?" Na ce eh. Ya ce, "Hm." Ya tura mani naman da ke cikin miyarshi. A wurinshi wannan doguwar magana ce.

Ban ce maku na daina tsoro ba. Har yau ni ce mai tashin mutane don an ji ƙauri, a duba a tarar maƙwabta ne ke ƙona shara. Sau da yawa ba komi ba ne, kuma ana yi mani dariya, ni ma ina taya su. Abin da ya canza, na daina jin kunyar faɗa. Kuma na gane tsada da arahar aiki ba a bakin kuɗin kaɗai suke ba. Jikka ukun da muka rage, a wurin mutum na uku muka rage su, saura kaɗan mu biya da abin da ya fi su. Gidan ya yi zafi bayan bedin, Inna ta yi ta mita har shekara ta zagayo, sai da muka yi mata rumfa.

Roƙona gare ku, in za a sare itace a gidanku, kada ku tsaya ga tambayar nawa ne. Ku tambayi mai saran ina zai faɗi, da wace igiya, kuma su wa za su riƙe. Ku bar shi ya zo da mutanenshi da suka saba. Ku janye yara nesa, ku sa mutum guda ya tsaya yana kallon ƙasa, ku kuma gaya mashi gaban kowa cewa in ya ce a dakata za a dakata. In kuka ga wani ya naɗa igiya a hannu, ko mijinki ne, ko babanka ne, don Allah ku yi magana.